Damtse Ba Tabo

Limawa, daren Laraba, watan Rajab

Yau an koro ni daga bakin kasuwa, ni da akuyata. Saboda cutar agana, dogari ya ce kowa ya nuna tabon lambar rigakafi. Na rantse an yi mini. Ya dubi damtsena sumul, ya ce, "Malam, ina take?"

Da wane baki zan ce Inna ce ta goga mini lemun tsami don kada ta kama?

Yaya Sule kuwa, da agana ta cinye wa ido, zanzanar fuskarsa kawai aka kalla, ya wuce.

Gobe masu lamba za su dawo, Inna har ta tanadi lemun 'yata Hajara. Ɗazu na daɗe ina kallon fuskar yarinyar. Wallahi ban san wane tabon nake gudar mata ba.