Hannun da ke Riƙe da Sabulun Kenanga

Jakarta, cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga yayata abin ƙaunata, Mbak Sumarni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Mas Sutopo da yara da jikoki. Allah ya ba ki sauƙin gwiwoyin nan naki, ya sa sanyin Holand ya sassauta miki bana, ya kai mu azumi lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta kankama, ruwa ya cika layinmu amma bai haura dakalin ƙofa ba. 'Yarki Lestari tana nan tana fama da aikin asibiti. Mijina Mas Hartoyo kuwa jiki da sauƙi, yana cin abinci, yana takawa bakin ƙofa da sanda, sai dai mantuwar kullum gaba take yi. Wata rana ya kira sunana, wata rana ya ce mini "Bu" kamar wata dattijuwa baƙuwa, har ya yi mini godiya idan na miƙa masa shayi.

Na san za ki ce me ya hana ni kiranki a waya. Lestari ce ke riƙe mini wayar idan muna magana, abin da ke cina kuwa ba na faɗa a gaban 'ya ba ne.

Mbak, akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa a talabijin kullum bayan magariba, wai shi Hawa na Uku. Labarin wani kamfanin talla ne a Jakarta ta zamanin 'yanmatancinmu, da wandunan nan masu faɗin ƙafa, da injinan buga takarda, da maza masu busa taba a ofis har ba a ganin fuskar juna. Unguwar nan kaf ta haukace a kansa. Ko mai tallar miya da ke zagayawa da amalanke yakan tsaya a tagar mutane ya kalla, miyarsa na hucewa. Sun canza sunaye, amma tun ranar farko na gane matattakalar benen, na gane sabulun. Kamfaninmu ne. Kuma ba sai na yi dogon tunani ba, don Kinasih, 'yar Kawu Darmo, da bakinta ta fito a shirin safe ta ce rayuwarta ce, ita ta zauna da marubutan ta ba su labarin.

Ke shaida ce, don ɗaki ɗaya muka zauna mu uku a gidan hayar nan na unguwar Kwitang. Kin san fuskar da ke kan allon Sabulun Kenanga ta Kinasih ce, wannan ban taɓa musu ba, Allah ya ba ta kyau. Amma hannun da ke riƙe da sabulun nawa ne. Kinasih cin farce take yi, yatsunta kamar ɓera ya gwaguye su. Mai kamfani ya ga hannuna a kan injin buga takarda, ya ce daga ranar na bar buga komai. Aka kafa mini doka: ba wanki, ba wanke-wanke, ba yanka albasa, safar hannu fara ko a cikin bas, man kwakwa safe da yamma. Kin tuna wa aka ɗora wa kwanukana? Sarauniyar kyau da kanta, tsugune a bakin rijiya tana ƙunƙuni, tana cewa ita ba ta zo Jakarta don ta zama baiwar yatsun wata ba. Shi kuma Mas Har, da yake shi ne mai zanen manyan allunan da ake kafawa a gaban silima, fuskarta daga hoto yake kwafa, kafin azahar ya gama. Hannu ne ya ce hoto ƙarya yake yi masa, dole sai yana kallon mai shi. Haka zan zauna kwana da kwanaki riƙe da sabulu, ya juya mini wuyan hannu, ya ɗaga ƙaramin yatsana, ya kira ni ƙanwa da gajeren sunana, ya ce, "Kada ki motsa, Dik Ruk." A wannan zaman soyayyarmu ta fara, a nan aka ƙare da maganar aure.

To zo ki ji yadda wasan ya juya labarin. Wai mai zanen mutuwar son kyakkyawar yake yi a ɓoye. Ita ma tana sonsa, amma burinta ya fi ƙarfinta, tana so sunanta ya kai ko'ina, sai ta auri ɗan mai kamfani tana kuka. Wai furen da yake zana mata a bayan kunne saƙon soyayya ne da ba wanda ya gane sai ita. Furen da mai kamfani ya ce dole a sa don shi ne tambarin sabulun! Daga ƙarshe, da baƙin ciki ya ishe shi, sai ya auri wata mai buga takarda, mai ƙaton tabarau, mai laɓe a bayan ƙofa tana kai gulma. Ni ke nan, Mbak. Ni da ban taɓa sa tabarau ba sai da na yi jika. Hannun kuwa ko zancensa babu, 'yar wasan ce ke riƙe sabulun da nata.

Tun da Kinasih ta yi wannan hira ban sake zuwa shago cikin kwanciyar hankali ba. Bu Tarmi mai shagon bakin layi ta dube ni a gaban mata, ta ce, "Bu Ruk, ashe ragowa kika samu? To ai ba laifi, ragowar ma ta yi albarka." Na ce mata ta auna mini sukarina, kuma ta ɗauke babban yatsanta daga kan sikeli, don shi ma unguwa ta san labarinsa. Aka yi dariya, na fito kamar ni na yi nasara, amma kafin in kai gida idona ya cika.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi cina shi ne Mas Har. Mutumin da ba ya tuna ko ya ci abincin rana, bai taɓa manta lokacin wasan nan ba. Da an sallame magariba zai ja kujera har gaban talabijin. Da kyakkyawar ta fito zai sunkuyo, bakinsa na motsi. In na gitta ta gabansa sai ya kore ni da hannu. Wata rana na zare wayar talabijin ɗin na ce an ɗauke wuta, alhali fanka na juyawa a kanmu. Ya zauna yana kallon baƙin gilashi, har ni na ji kunya na mayar. Kishi nake yi, Mbak, ba zan ɓoye miki ba, kishi mai zafi irin wanda ban yi ba ina da ashirin. Na shiga tono abubuwan da na binne. Ranar nan da ya raka Kinasih gida da lema ana ruwa. Ranar bikinta da ya ƙi cin abinci ya ce cikinsa ne. Na ce a raina, idan mutum ya manta komai, abin da ya rage masa ai shi ne na gaskiya. Ashe shekara arba'in da ɗoriya ina dafa wa mutum shinkafa, zuciyarsa na wani gidan? Shi ya sa tun makon jiya na fara wannan takarda, don in tambaye ki tsakaninki da Allah ko kin taɓa ganin wani abu tsakaninsu kika rufa mini. Na rubuta, na ajiye, sai ga abin da ya faru ranar Asabar.

Mutanen talabijin suka zo gidanmu da fitilu da wayoyi, wai za su haɗa mai zanen na ainihi da kyakkyawar ta ainihi, su sa a ƙarshen wasan. Lestari ce ta amsa musu, ni ba a nemi shawarata ba. Kinasih ta sauko daga mota, turarenta ya riga ta shiga falo. An ja mata fatar fuska a Singafo har ba ta iya ɗaure fuska ba ta iya sakinta. Ta rungume ni ta ce, "Ruk, Allah sarki, kin tsufa abinki hankali kwance." Na ce mata ita ma da ta bari ta tsufa da yanzu tana iya dariya. Sun zo da tsohuwar takardar tallar da suka tsinto a kasuwar gwanjo, suka jingina ta da bango. Budurwar da ke ba da umarni ta ce ko zan ɗan matsa gefe don kada in fito a hoto. A falona. Na matsa har kicin, na soya musu ayaba, na haɗa shayi.

Ina fitowa da faranti, Kinasih ta durƙusa gabansa, ta kama hannunsa ta kai goshinta kamar yadda ake gaida manya, ta ce, "Mas Har, ka gane ni? Kinasih ce, furenka." Ya dubi fuskarta ya yi murmushi. Mbak, na tsaya cak da farantin a hannuna. Sai ya sauke ido kan hannunta da ke cikin nasa, ya juya shi ciki da baya, ya duba farcen, ya ajiye mata shi a hankali. Ya waiwayi budurwar nan da muryarsa ta aiki, wadda na daɗe ban ji ba, ya ce, "Wannan ba zai yi ba. Ku kira mini yarinyar injin." Ya nuna talabijin da sandarsa, ya ce kullum yana gaya musu amma ba sa ji, waccan 'yar wasan tana riƙe sabulu kamar za ta jefi kare da shi. Ashe abin da bakinsa ke motsawa a kai ke nan duk watannin nan.

Ni dai na sunkuya in ajiye masa kofi, sai ji na yi ya cafke wuyan hannuna. Kin san yadda hannun ya koma yanzu, gaɓoɓi sun kumbura, ga tabon mai, ga jijiyoyi. Bai damu ba. Ya juya shi, ya ɗaga ƙaramin yatsan, ya duba ko'ina bai ga sabulu ba, sai ya ɗauki soyayyiyar ayaba ya ɗora mini. Ya ce, "Yauwa. Kada ki motsa, Dik Ruk." Da hannun yake magana. Can ya ɗago ya dubi fuskata, ya gyara zama cikin ladabi, ya ce, "Bu, ke ce mahaifiyarta? Ki yi haƙuri na riƙe miki ita. Zan dawo da ita gida kafin magariba. Kuma niyyata a kanta ta alheri ce."

Ban motsa ba, Mbak. Man ayabar yana bin hannuna har gwiwa, kafaɗata ta ƙage, ban motsa ba. Kinasih ta miƙe ta ce zafin fitilun ya dame ta, za ta jira a mota.

Shekaranjiya aka nuna ƙarshen wasan. Duk wannan sun yanke shi. Murmushin nan kawai suka bari, suka sa masa goge mai sa kuka, suka rubuta wai soyayyar da mantuwa ta kasa gogewa. Bu Tarmi ta ce ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, ta ƙara mini sukari kyauta don tausayi. Na karɓa. Jakarta kaf ta yarda Kinasih ce, kuma ƙarya nake in na ce abin bai ƙona mini rai ba. Ta tafi da fuskar, ta tafi da sunan, yanzu ta haɗa da labarin.

Amma abin dariya, kishin Kinasih ya sake ni, wani ya kama ni. Yarinyar nan ce, mai farar safar hannu, wato ni ta wancan zamanin. Ita yake jira kullum da la'asar, don ita yake sa Lestari ta taje masa kai. Ni da na haifa masa 'ya, na yi jinyarsa, na san yadda yake son shayinsa, ni ce tsohuwar da ke rako ta. Wani lokaci sai in dubi hannun nan in ji kamar in ɓoye shi cikin zanen jikina, in ga ko zai neme ni ni kaɗai. Ban taɓa iyawa ba. Da ya fara waige-waige nake miƙa masa.

Saboda haka waccan tambayar ki bar ta, ko kin san wani abu ki riƙe abinki. Abin da nake so, idan kin samu mai zuwa gida kafin salla, ki aiko mini da man shafawar nan naku mai kauri na lokacin sanyi, da safar hannu fara ta auduga. Na daina wanke-wanke, na bar wa Lestari, tana ta mita kamar wata da muka sani.

Ki gaida mini Mas Sutopo, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaida Wahyuni da mijinta, da Prasetyo, ki ce masa har yanzu muna jiran labarin aure. Ki shafa mini kan jikoki. Lestari tana gaishe ku da kyau.

Saura magana ɗaya. Jiya da la'asar Mas Har ya sake tambayata ko na amince in ba shi auren yarinyar nan. Na ce masa ba a gaggawa a irin wannan, sai na yi shawara da babbarmu da ke Holand. Ya ce zai jira. To ga shi na kawo miki, Mbak. Mai zane ne, ba shi da komai, ga mantuwa. Me kika gani, mu ba shi?

Taki ƙanwa mai kewarki kullum,
Rukmini