Ajin Kilo Hamsin da Bakwai

Sofiya

Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Baba. Direban bas ya kawo min kwalin daga Kotel har nan birnin Sofiya, na gode. Amma don Allah ki saurare ni. Saura wata guda gasar kokawa ta ƙasa, kuma a ajin kilo hamsin da bakwai aka sa sunana. Jiya na hau sikeli, sittin da ɗaya na gani. Ranar awo in na haura ko da ƙiris, ba za a bar ni in taka katifar kokawa ba.

Koci Stoyko ya tsara min abinci. Da safe ƙwai biyu da kindirmo, da rana ƙirjin kaza da kabeji, da yamma miyar wake ba burodi. Ranar Lahadi kaɗai ya yarda in ci yanka ɗaya na kayan zaƙi. Ke kuwa faranti guda na baklawa kika aiko! 'Yan ɗakunan kusa ne suka cinye, ni ina kallo. Ki daina, Mama.

Ki gaida Baba.
'Yarki, Denitsa

Kotel

'Yata,

Mun ga wasiƙarki, muna lafiya, sai gwiwar babanki. Ƙwai biyu? Kyanwar gidan nan ta fi ki ci. Shi wannan Stoyko da na gani da tumbi kamar tulu, kabejin yake ci shi ma?

Hoton da kika sako ya hana ni sukuni. Ƙasusuwan wuyanki duk a waje. Babanki ya ce haske ne, ni na ce ni na haife ki. Amma na ji. Ga baklawa yanka huɗu nan, ɗaya kowace Lahadi. Na yi su ƙanana har babanki ya ce rowa ta kama ni da tsufa. Ki ci a zaune, a hankali. Kuma ki faɗa min gaskiya, kina samun barci?

Allah ya tsare min ke.
Mamanki

Sofiya

Mama,

Ina gaisuwa. Komai lafiya, ina barci. Na sauko hamsin da tara. Na ci baklawar, ta yi daɗi. Ba ni da lokaci, sai an kwana biyu.

Denitsa

Sofiya

Goggo Velichka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni ce Ralitsa, wadda muke ɗaki ɗaya da Denitsa. Ba ta san na rubuto ba, a jikin kwalinki na ga adireshi.

Goggo, abincin da koci ya tsara ma ba ta ci. Kazar rana takan naɗe ta ce sai anjima, sai in tsince ta a kwandon shara. Tana gudu da rigar leda a ƙarƙashin kaya don ta yi gumi, ruwa kuma kurkure baki take yi ta tofar. Baklawarki tana ƙarƙashin gado. Takan buɗe ta shinshina, ta rufe.

Ranar Talata ta faɗi a matakala. Da ta farfaɗo na ce mu je wurin likita, sai ta riƙe min hannu ta ce, "Ke da kike ajin masu nauyi kina cin burodi son ranki, me kika sani? In kika faɗa wa koci, ni da ke har abada."

Koci sikeli kawai yake gani, yana yabonta. In na faɗa masa zai cire ta, kuma shekara uku ke nan tana jiran wannan gasa. In na yi shiru, tsoro nake ji. Me zan yi?

Ki gafarta min shisshigi.
Ralitsa

Kotel

Ralitsa, 'yata,

Allah ya yi miki albarka. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa. Ki je wurin Stoyko yau, kada ki jira gobe. Ki ce ni na aike ki, ki nuna masa wannan takarda. In za ta yi fushi, ta yi da ni, na saba. Babanta bai sani ba tukuna, ban san ta inda zan fara ba.

Velichka

Sofiya

Mama,

Ina gaisuwa. An cire ni. Likita ya ce bugun zuciyata ba daidai ba ne, babu atisaye sai bayan sabuwar shekara. Koci ya ce in na dawo, ajin sittin da biyu zan shiga, ko in so ko in ƙi. Saura rabin kilo fa, Mama. Rabin kilo.

Ba na magana da Ralitsa, ke ma ban so rubuto miki ba. Zan zo ranar Juma'a a bas ɗin rana. Ki ce wa Baba ya zo tasha da mota. Ba na jin zan iya hawa tudun gidanmu da ƙafa.

Denitsa