Sau Bakwai Aka Ce Na Tare Hanya

Zuwa ga Saje Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Amma wata bakwai ke nan da muka kai ka makwancinka, magana tana cina, kuma duk faɗin garin nan babu wanda zan gaya wa bai ce mini haka ne Alhaji ba tun ban rufe baki ba. Na gaji da haka ne Alhaji. Kai kaɗai ne ba ka taɓa ce mini haka ba.

Iyalinka suna lafiya. Matar ɗanka Aminu ta sauka, namiji, an mayar da sunanka. Na je suna, na ɗauki yaron, wallahi harara ya yi mini irin taka. Gero ya yi ba laifi, duk da rabin mutane ba su ga taki ba bana. Rayuwa kuwa sai addu'a. Mutanen da ka sani da babur yanzu a ƙafa suke zuwa kasuwar Minjibir.

Ɗakin sikwash, inda muke buga ƙwallo a bango da raket, yana nan yadda Turawan da suka gina madatsar ruwa suka bar mana shi, har da tsagar nan ta bangon hagu. Wuta dai babu, saboda haka Asabar da Lahadi muke haɗuwa bayan la'asar, mu buga har ƙwallo ta fara ɓace mana. Mutanen Rijiyar Zaki sun daina zuwa, kuɗin mai ya gagare su. Mu goma muka rage a gasar. Ƙwallo ni nake aikawa a sayo a birni, rufin da iska ta yaye ma ni na sa aka gyara. Ba gori nake yi ba, za ka ga abin da ya sa na faɗa.

Kai ka koya mana wasan nan da ka baro soja, kai ka kafa mana dokarsa: idan ka buga ƙwallo, ka kauce ka ba abokin wasanka hanya. Idan ka ɗan tsaya masa, alƙali ya ce a sake. Idan kuwa ka tare shi ƙiri-ƙiri yana shirin bugu, maki nasa ne. Shekara goma sha biyu kana zaune a barandar sama kana yanke mini wannan hukunci. Ɗanlami ya tare hanya. Ko Alhajin ba ka sakawa. Na yi maka magana, ka ce duk wanda ya shiga ɗakin nan ya bar Alhajinsa a bakin ƙofa tare da takalmin kasuwa. A duk shekarun nan sunana bai taɓa wuce na huɗu a allo ba.

To bari ka ji abin da ya faru bayanka. Aka ce alƙalanci a riƙa yinsa bi da bi, amma ko ta yaya aka juya, ranar wasana sai ka ga Sale ne a sama. Sale dai da ka sani, direban babbar motata. Ni ban ga komai a ciki ba. Na fara ci. Na ci wannan, na ci wancan, wasa takwas a jere ba a kayar da ni ba, ba a kuma ce na tare hanya ko sau ɗaya ba. Sunana ya hau saman allo. Na sayi sabon takalmi. Na zauna a rumfata a kasuwa ina gaya wa mutane cewa dama Saje ne ke danne ni. Na faɗa, Allah Ya yafe mini, ba sau ɗaya ba.

Ka san ni, Saje. A aji uku na bar sakandare. Na yi dakon buhu har fatar wuyana ta yi kanta, na yi awo da kwano, na kwana a kan kaya a bayan mota, kafin in kai ga rumfa da sito. Babu wanda ya ba ni ko allura. Da wannan nake tinƙaho, kai ma ka sha cewa in rage. To mutum irina idan ya ga yana ci, me zai ɗauka? Ba sai ya ce guminsa ne ba?

Sati huɗu da suka wuce Sale ya tafi kai kaya, ranar kuma ina da wasa da Habu mai kemis, wanda ke bi na a allo. Aka ce Malam Nafi'u ya hau sama. Ba ka san shi sosai ba, malamin lissafi ne a wata sakandare ta wajen Dawakin Tofa, siriri mai tabarau, ya shigo ana saura kaɗan ka kwanta ciwo. A haife na haife shi. Muka yi biyu da biyu, muka shiga zagaye na biyar, Habu yana neman maki ɗaya ya gama da ni. Na buga, ƙwallo ta dawo tsakiya, na tsaya inda nake. Habu ya ɗaga raket, ya ga bayana, ya sauke hannu. Bai ma buɗe baki ya nemi komai ba. Sai na ji murya daga sama wai Alhaji ya tare hanya, maki na Habu ne, wasa ya ƙare.

Abin da na yi ba zan rubuta shi duka ba. Na jefar da raket. Na tambaye shi ko ya san da wa yake magana, na tambaye shi yaushe ya fara riƙe raket, na ce ko ƙwallon da yake alƙalanci a kanta ya san inda ta fito? Sai da na gama ya ce shi dai abin da ya gani ke nan. Ka ji fa. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Ni ban nemi a yi masa komai ba, amma ban hana ba. Nan take kwamitin gasar ya zauna a kan bencin waje. Suka ce yaro ya yi rashin ladabi, ba a faɗa wa babba irin wannan a gaban mutane, an dakatar da shi daga alƙalanci. Habu da kansa ya miƙe ya ce shi bai ga an tare shi ba, hannunsa ne ya yi sanyi. Aka ce a sake makin. Aka sake, na ci, na kuma ci biyu a kai, aka tafa mini. Nafi'u ya ɗaure raket a bayan kekensa ya tafi, bai ƙara zuwa ba.

Lahadin da ta biyo na zaga bayan ɗakin zan yi alwalar magariba, sai na ji su ta tagar nan mai raga. Sale da Habu da sakataren kwamiti. Dariya suke yi, ba ta mugunta ba, da ma ta mugunta ce da ta fi mini sauƙi. Habu yana cewa kafaɗarsa har ciwo take yi saboda riƙe bugu, don idan ya saki hannu sai ya fasa wa Alhaji ƙeya. Sale yana cewa akwai ranar da ƙwallona ta daki kwanon da ke ƙasan bango, wanda duk ƙwallon da ta taɓa shi an rasa maki, ƙara har bakin titi, ya ce ta yi kyau, ya kwana yana istigfari. Sakatare ya ce su dai su yi haƙuri, kofin roba ne, a bar Alhaji ya ɗauka, idan ya yi fushi ya daina sayo ƙwallo a wannan marra sai dai a rufe ɗakin a zuba dawa.

Buta tana hannuna, ruwa yana zuba a kan ƙafata, ban sani ba. Ni, Saje? Ni za a ba sadaka? Ni da ko a gidan biki ba na cin abinci sai na ga an ci nawa? Wata bakwai manyan mutane suna kauce mini kamar yadda ake kauce wa tsohon sa a hanyar rafi, ni kuma ina kasuwa ina cika baki. Kuma ranar kwanon nan da Sale yake faɗa, na ji ƙarar. Da kunnena na ji ta. Na dubi Habu, ya dubi ƙasa, na karɓi makin.

Wa zan yi wa faɗa? Sale cikinsa yake karewa. Habu yana son wurin da zai zo ya yi gumi ya manta da masu zuwa kemis da takardar asibiti su koma ba magani. Duk da haka sun ba ni haushi, har yanzu suna ba ni. Mutum tara, babu ɗaya mai iya duban idona.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Taron nan da aka yi bara aka ce idonka ya yi rauni, ka huta da hawa baranda, kai ka ɗauka shawarar kwamiti ce. Ni ne. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya, saboda ka yanke mini hukunci sau uku a wasa ɗaya a gaban baƙi. Idonka lafiya lau yake, kai da kake hango ɓarawon akuya daga masallaci. Ka sauko, ka yi wata biyu kana zama a benci kana kallo, sannan ciwo ya kwantar da kai. Na zo dubiya sau huɗu da lemo da kankana. Kowane zuwa da maganar a bakina nake shiga, in fito da ita. Ina jin ka sani. Yadda ka riƙa kallona, ina jin ka sani.

Ranar Laraba na tafi Dawakin Tofa. Nafi'u yana aji, aka ce in jira. Na zauna a gindin darbejiya fiye da awa ɗaya, ni da manajan banki ma ba ya ajiye ni. Da ya fito na ce masa ya dawo ya yi alƙalancin wasan ƙarshe, ni da Habu, tunda mu ne biyun sama. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce zai zo, amma sai na faɗa a gaban kowa cewa hukuncinsa daidai ne. Ka ga taurin kai? A ina kuke samo irin wannan hali?

Na faɗa. Jiya Asabar, kafin a fara, na tsaya a tsakiyar ɗaki na faɗa, maganar tana fita kamar ana zare ƙusa daga katako. Kwamiti suka fara cewa ai an riga an dakatar da shi, ba a warware hukunci haka. Na ce idan bai hau ba kada wanda ya ƙara tambayata ƙwallo. Na san abin da za ka ce, wannan ma ƙarfi na nuna. To yaya zan yi? Shi kaɗai suke ji. Habu kuma na ja shi gefe na ce idan ya sassauta mini ko da bugu ɗaya, ko maganin ciwon kai ba zan ƙara saya a shagonsa ba.

Bai sassauta ba. Ashe haka mutumin nan yake da hannu? Uku ba ko ɗaya, Saje. Ko rabin awa ba a yi ba. Ya kai ni gaba, ya dawo da ni baya, ya kai ni kusurwar nan mai tsaga har gwiwata ta daki bango. Sau bakwai Nafi'u ya ce Alhaji ya tare hanya. Duk lokacin da ya faɗa sai kowa ya zuba mini ido yana jira in fashe. A na biyar na ɗaga kai na buɗe baki, sai na rufe. Da aka gama na miƙa wa Habu hannu, na miƙa masa kofin da kaina, na fita na zauna a benci ina haki kamar jakin da ya hau tudu da kaya. Kowa ya shiga tattara kayansa. Sale ne ya matso ya fara cewa ai Alhaji ya yi ƙoƙari, na ce ya rufe mini baki.

Na ce a goge allo gaba ɗaya, sabuwar gasa a fara da sunana a ƙasa. Inda na tsaya da ƙafata, nan ne nawa, ko na tara ne. Nafi'u kuma shi ne a sama daga yanzu, ko ranar wasana ko ba ranar wasana ba. Zan yi faɗa da shi, wannan babu makawa. Yau ma da safe na aika masa cewa a cikin bakwai ɗin nan biyu ban yarda da su ba, na uku da na shida, hanya a buɗe take, Habu ne bai so ya zaga ba. Ya aiko cewa ya ji, amma bakwai ne. Na zauna ina ta huci, can sai na tuna cewa da kai ne a sama, takwas za ka ce.

Ka yafe mini, Saje. Na sauke ka a kan gaskiya, kuma ban iya faɗa maka ba kana da rai. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta, Ya sada mu da alheri idan tamu ta zo.

Ni ne abokinka,
Ɗanlami, na biyu a gasar bana, shi ma ban tabbata nawa ba ne.