Makin Saiwar Wake

Zuwa ga Baban yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon bayan nan ya sake ka. Yaya aiki, yaya zaman kaɗaici? Mu nan lafiya lau. Auta ta yi wawulo, yanzu sai ta rufe baki take dariya.

Ka yi ƙorafin na daina ba ka labarin wurin aiki. To ga shi. Ka san shekarun da na kwashe ina tonon saiwar wake, ina binciken ƙwayoyin bakteriyan da ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen jikinta, masu jawo wa shuka abinci daga iska. Maƙalar da na rubuta kan binciken ta fito. Sai dai sabon daraktanmu ya zo da ma'auninsa. Yanzu kowane bincike maki ake ba shi gwargwadon surutun da aka yi a kansa a intanet: wa ya yaɗa, wace jarida ta ambata. Har allo ya sa aka kafe a baranda, kowa da makinsa. Matarka ce kurar baya.

Jiya ya kira ni. Ya ce wanda makinsa bai motsa ba, za a karɓe rumfar da yake rainon shuka. Sannan jami'in yaɗa labarai ya miƙo min sanarwar da ya tsara, wai an gano ƙwayar da za ta kori takin zamani. Na ce ba haka na gano ba. A irin ƙasa guda ta yi aiki, a sauran ko gezau, kuma ko inda ta yi, waken na neman wani takin. Darakta ya yi murmushi ya ce, "Dakta, wa ke karanta ƙasan labari?" Na ce, "Shi ya sa ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Na san za ka ce in bi a hankali. Kada ma ka wahalar da biro.

Taka har kullum,
Maman yara

Baban yara,

Bayan gaisuwa da tambayar jikinka, saƙonka ya iso, har da nasihar da na ce ka riƙe abarka. Na gode duk da haka.

Sun saki sanarwar ba da izinina ba. Kafin ka ce kwabo ta karaɗe ko'ina, makina ya yi tashin gwauron zabo. Abokan aikin da ba sa amsa gaisuwata suka fara leƙo ɗakin gwaji suna min barka. Ba zan ɓoye maka ba, da na ga sunana a saman allon nan sai da raina ya yi fari.

Sai shugabar wata ƙungiyar manoma ta bugo min waya, tana murna, wai bana sun fasa sayen taki, ina za su sami ƙwayar. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Daga nan na bi duk inda aka wallafa labarin, na rubuta a ƙasa da cikakken sunana cewa binciken nawa ne, kanun kuma ƙarya ne.

Aka yi ta cacar baki. Abin dariya, ma'aunin bai san yabo da zagi ba, ambato kawai yake ƙirgawa. Makin ya ninka. Har yau ni ce a sama, darakta na wucewa ta gaban allon yana kawar da kai.

Rumfar dai sun karɓe, wai don rashin ɗa'a, kuma zan gurfana gaban kwamiti mako mai zuwa. Zan je, kuma abin da na faɗa shi zan maimaita. Ina jin tsoro, amma ban yi nadama ba.

Gwajin bai ƙare ba, waken ya fara fure. Na kwaso tukwanen gaba ɗaya, ni da yara muka jera su a tsakar gida. Idan ka dawo, sai ka nema wa motarka wani wurin.

Taka,
Maman yara