Bana Babu Gumba

Angona Habu,

Kacici-kacici: wace wuta ce ke shiga gona, ta cinye ƙuduji ta bar gero?

Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Jos? Mu nan Sandamu lafiya lau.

Labari ya iso mini. Wai da ka ji ciwon daji ya kama mini leɓe, cewa ka yi a fara dakan gumbar sadakata. To ja'iri, ta Allah ba taka ba! Leɓena garau yake, kuma da shi zan ba matarka tarihin fitsarin kwancenka kaf. Ka gaishe ta, ka sa ni a addu'a.

Kakarka Hajjo.

Amsar kacici-kacicin ita ce hasken likita. Magani ya shafa mini a leɓen, ya haska, ƙullin ciwon kaɗai ya mutu.