Ɗalibata Ce Ta Faɗa Daidai, Ni Na Sa Aka Yi Mata Dariya

Malama Lorraine, ki taimake ni, kunya ta hana ni sakat.

Shekara ashirin da shida ke nan ina koyar da Turanci a sakandaren wani ƙaramin gari a jihar Nebraska ta Amurka. A gona na tashi, gidanmu ba mai karatu. Manyan kalmomi duk a littafi na tsince su, ban taɓa jin su a bakin kowa ba. Kalmar "epitome", "e-pi-tom" nake ce mata, gaɓa uku.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata ɗaliba mai shiru-shiru, Dolores Novotny, tana karatu a gaban aji ta ce "i-pi-to-mi". Na tsayar da ita, na tambaye ta wa ya koya mata yi wa kalma wutsiya. Aji ya kwashe da dariya, na kuma rage mata maki. Ba ta sake ɗaga hannu ba har ta gama. Bara ina tuƙi na ji kalmar a rediyo, gaɓa huɗu cif. Sai da na tsaya a gefen hanya.

Yanzu Dolores ta dawo gari, ita ce likitar matata. Tana gaishe ni da ladabi, ni kuwa ƙasa nake kallo. Makon jiya a mota na zauna, matata ta shiga asibiti ita kaɗai da sandarta. In tayar da maganar, ko kuwa zan fama mata ciwon da ya warke?

Malami Mai Sunkuyar da Kai

Malam, kuskure biyu ka haɗa, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ba abin kunya ba ne. Irin waɗannan kalmomi daga Girkanci suka fito. Da yawansu ana furta wasalin ƙarshe, saɓanin abin da rubutun Turanci ya saba mana. Duk wanda ya koya da ido sai ya yi tuntuɓe a nan.

Dariyar ita ce laifin. Ko da kai ne da gaskiya, ba haka ake gyara wa yarinya ba.

Mai yiwuwa ta manta, mai yiwuwa ba ta manta ba. Ba kai za ka yanke mata ba. Kada ka tare ta tana bakin aiki. Rubuta mata layi huɗu: ita ce da gaskiya, ka zalunce ta, ta yafe maka. Ban da labarin gona, kuma kada ka jira amsa. Ka faɗa wa ɗalibanka na bana ma, sannan ka riƙa jin kalma kafin ka gyara wa wani.

Mako mai zuwa kuma, ka fito daga motar nan ka riƙe wa matarka hannu. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya maka zuciya.

Lorraine