Wayar Da Ta Zame Wa Baba Kunne

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da maman 'yan biyu da 'yan biyunmu na kaina. Allah Ya dafa maka a wurin aiki, Ya raba ka da sharrin masu sharri, Ya sa ka gama da ƙasar mutane lafiya. Mu nan kowa lafiya lau sai kewarku. Ciwon gwiwar Mama ya yi sauƙi, har ta koma hawa bene ba tare da an riƙe ta ba. Auta ta gama jarrabawa, yanzu aikinta barci da cinye mana abin da ke cikin firij. Maigidana yana nan yana fama da motarsa, ni kuma ina kantin magani kamar yadda ka bar ni.

Na ga saƙonka, da hotunan wayar nan da ake naɗewa kamar hankici wadda ka ce kana so ka aiko wa Baba, kana neman ra'ayina. Dogo, ka san ni da ra'ayi, tunda ka tambaya sai ka yi haƙurin karatu. Labaran kamfanonin waya da kake turo mini kullum ina karantawa idan ciniki ya lafa, amma gaskiya yawancinsu dariya suke ba ni. Bara an ce kyamara uku ce wayewa, bana an ce sai huɗu, alhali fuskar mutum ɗaya ce dai ake ɗauka. A tara jama'a a babban zaure, wani ya fito yana ta yaba siririntar waya, ana tafi kamar ya gano maganin ciwon suga. Mai gyaran waya da ke jikin kantinmu kullum cikin mita yake, wai yanzu manne batir ake yi da gam don kada a canja, in ya mutu sai dai ka sayi sabuwa. Haka nake kallon abin, har zuwa watan da ya wuce da wani abu ya faru a gidanmu ya sa na rage baki. Shi ne dalilin wannan doguwar takarda.

Akwai abin da muka rage maka a waya don kada hankalinka ya tashi kana nesa. Kunnen Baba ya yi nisa fiye da yadda kake zato. Ƙarar injin buga takardu da ya yi rayuwarsa a gabansa ta gama aikinta. Na'urar ji da likita ya ba shi kuwa, cewa ya yi fito take masa a ka kamar butar shayi, ya jefa ta a durowa ya ce kada wanda ya sake yi masa zancenta. Abin da ya fi damuna ba kurumtar ba ce, shirun ne. Baban da ka sani, wanda ba a gama labari bai sa baki ya gyara ba, sai ya koma zama a kujerarsa ta gefen taga yana bin bakinmu da ido. In an yi dariya ya yi murmushi a makare. Ya daina fita wurin abokansa a bencin ƙofar shagon aski, wai ya gaji da cewa a maimaita. Wata rana na tarar da shi an ajiye masa abinci ya huce, ya ce mini shi yanzu baƙo ne a gidansa. Ranar sai da na shiga banɗaki na yi kukana.

To, rannan na raka wata abokiyar aikina asibiti, muna zaune a layi, sai na ga wata mata da mijinta a gabanmu. Tana magana a hankali, shi kuma yana kallon wayar da ke hannunsa yana ba ta amsa. Na ɗauka irin mazan nan ne da ba sa ɗaga kai daga waya, har na fara jin haushinsa a raina. Da na leƙa sai na ga duk abin da ta faɗa yana fitowa a rubuce a fuskar wayar, manya-manyan baƙaƙe. Kunya ban ji ba, na dafa ta na tambaya. Baiwar Allah nan ta karɓi wayata ta saka mini manhajar mayar da magana rubutu da hannunta, ta nuna mini inda ake ƙara girman rubutu, ta ce in yi haƙuri da manhajar domin Hausarta ba ta gama nuna ba.

Da na kai wa Baba, ko kallo bai yi ba. Ya ce shi da ya shekara yana jera baƙaƙe da hannunsa ba zai zauna wani gilashi ya koya masa karatu ba. Ban yi musu ba, na jingina wayar da kwalbar ruwa a kan teburin gabansa na tafi kicin. Ana haka Goggo ta shigo, ka san muryarta, ta zauna tana gaishe shi tana tambayarsa ina gajiya. Wayar ta rubuta ina kaji. Baba ya saci kallo, ya gyara tabarau, ya dube ta da gaske ya ce shi rabonsa da kiwon kaji tun Dogo yana rarrafe, in kaji take nema ta tafi kasuwa. Goggo ta saki baki. Auta ta leƙa wayar ta faɗi ƙasa tana riƙe ciki. Da aka nuna masa abin da ya faru, Baba ya yi dariyar da rabona da jin irinta har na manta, har da share hawaye. Daga nan ya ce a miƙo masa abar nan ya ga iyakar ƙaryarta. Ya sa mu muka yi ta magana ɗaya bayan ɗaya yana kama mata kuskure, yana cewa da a maɗaba'arsu take da tuni an sallame ta. Bai ajiye ta ba sai da caji ya ƙare.

Wadda abin ya fi shafa ita ce Mama. Ashe tun da kunnen Baba ya tafi ta samu sarari, tana gyaran falo tana faɗa masa duk abin da ke ranta a gabansa, hankali kwance. Ta manta wayar tana kan tebur. Ina zaune ta shigo da shayinsa tana ƙunƙuni, wai wannan tsoho da taurin kai, an ce ya sa rigar sanyi ya ƙi, in ya kwanta ciwo ita ce da wahala, kuma in wani abu ya same shi ita ina za ta sa kanta. Wannan karon wayar ba ta yi kuskuren ko harafi ɗaya ba. Baba ya karanta har ƙarshe, ya ɗago ya ce mata tsohon ya ji, kuma tsohon ba inda za shi. Ya tashi da kansa ya ɗauko rigar ya saka. Mama ta rufe fuska da gyale ta fice, tana cewa an kawo mata munafuka cikin gida. Yanzu kafin ta yi mita sai ta kifa wayar, shi kuma ya bi ya buɗe. Mu dai 'yan kallo ne.

Baba ya koma bencin shagon aski. Da safe zai sa hula, ya duba caji kamar mai shirin tafiya, ya fita. Mai askin ya gaya mini cewa ranar farko abokansa layi suka yi, kowa yana so ya ga maganarsa a rubuce, har tsohon direban nan da ba ya shiri da kowa ya matso ya yi sallama sau biyu don ya ga ta fito. In suka haɗa baki gaba ɗaya wayar rikicewa take, don haka Baba ya kafa musu doka, a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya. Mai askin ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin tsofaffin nan sun saurari juna ba sai yanzu.

Kada ka ɗauka na zama 'yar tallan kamfanoni. Har gobe ina jin haushin yadda yarana ke cin abinci kai a sunkuye, kuma tambayar da Mama ta yi ta tsaya mini a rai, da ta ce duk maganar da abar nan ke ji, wa take kai wa. Kai da ke bin labaransu sai ka bincika mana. Mun dai yanke cewa in za a yi zancen da ya shafi sirrin gida, a kashe ta a ɗauko biro. Abin da na gane shi ne, a cikin tarin abubuwan da suke ta ƙerawa don burga, akan samu guda ɗaya da wani ya zauna ya yi saboda mutum irin Baba, kuma ban taɓa ganin an yi masa tafi a labaran da kake turowa ba. Ko wane ne, ina sa shi a addu'a. Saboda haka ra'ayina, ka bar mai naɗewar nan, Baba zai ɓalla ta cikin mako guda. Ka nemo mai faɗin fuska, mai riƙe caji tun safe har yamma, wadda in ta faɗi daga benci ba za ta tarwatse ba. Kyamara ko ɗaya ce ta isa. Ka hanzarta kuma, domin tawa ce a hannunsa, masu sayen magani suna ta nemana ba sa samu.

Yanzu ga saƙon da Baba ya ce lallai in rubuta maka, yana zaune kusa da ni yana duba ko zan rage. Ya ce in gaya maka duk kiran da ka yi masa a shekarun nan, da kake jin yana cewa to, to, madalla, Allah Ya yi albarka, ko kalma ɗaya bai ji ba. Muryarka kawai yake tsinkaya kamar daga ƙarshen lungu, ya ƙi faɗa don kada ka daina kira. Auta ta gwada, in aka kira a wayar Mama aka buɗe murya aka ajiye tawa a gefe, maganar tana fitowa sarai. Don haka ya ce ka zaɓi ranar da ba ka da aiki, ka zauna, ka faro masa tun daga ranar da ka sauka a can: gidan da ka kama, aikin, yadda aka yi ka zama uban 'yan biyu, duka. Ya ce kada ka tsallake komai, shi ba ya sauri.

Mama tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan 'yan biyu. Goggo tana gaisuwa, haka Kawu da iyalinsa, da maigidana, da yara. Auta ta ce in ka tashi aiko da wayar kada ka manta tana raye. Ka gaishe mini da maman 'yan biyu da kyau, ka ce mata ranar kiran ta kawo su kusa, Baba yana so ya ga yadda wayar za ta rubuta gwarancinsu. Allah Ya tsare mana ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka